Wa Ya Ƙera Marin Da Ke Ƙafar Yaron Nan?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya 'ya'ya amana a wuyan iyayensu, kuma Ya sanya su jarrabawa gare su. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, maganata ta wannan wata da iyaye ce, amma ban nufi iyayen yaron da ya kangare ba, domin su abin da ke kansu ya ishe su. Ina nufin sauran iyayen unguwa, masu zaman majalisa bayan La'asar da masu zaman tsakar gida ranar suna, waɗanda kullum maganin ɗan wani yana bakinsu. Na san za a ce na yi zafi. To a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, sannan a auna da Alƙur'ani da Sunna, abin da ya saɓa musu a jefo mini kayana.

Mutanen ƙasar Daura ba su manta da watan Oktoba na 2019 ba. A cikin watan ne 'yan sanda suka shiga wani gidan mari da ke Sabon Gari cikin Daura, bayan waɗanda ke tsare a ciki sun yi bore, da yawansu sun tsere. Rundunar 'yan sandan Jihar Katsina ta ce mutanen da ake tsare da su a gidan sun haura 300, kuma ta fitar da 67, ƙaraminsu ɗan shekara 7, babbansu mai shekara 40. An gan su da mari a ƙafa, da tabon duka a jiki, kuma 'yan sanda sun ambaci wasu abubuwan da aka yi wa wasunsu waɗanda alƙalamina ba zai iya rubutawa ba. Aka kama mai gidan, dattijo ɗan shekara 78, aka ce gidan ya yi kimanin shekara 40 yana aiki. Kafin wannan, ranar 26 ga Satumba, an fasa irinsa a Rigasa ta Kaduna, inda aka fitar da fiye da mutum 300. Bayan na Daura kuma aka bi na cikin birnin Katsina, da wani a Rigasa, da Zariya, har Ilori da Ibadan. Marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda abin ya faru a mahaifarsa, ya ba da umurni a rufe irin waɗannan gidaje duk inda suke.

Kowa ya tofa albarkacin bakinsa a lokacin. Jaridun Turai da Amurka suka kira gidajen makarantun Musulunci, suka sami abin yayatawa. Wasu 'yan boko suka ce dama ai sun faɗa, a rufe makarantun allo baki ɗaya, alhali ko yaron goye a ƙasar Hausa ya san tsangaya daban, gidan mari daban, kuma alarammomi nawa ne suka tsufa suna yaye mahaddata ba su taɓa mallakar sarƙa ba. Wasu suka zagi masu gidajen, wasu suka kare su. Ni ban zo yi wa kowa shari'a ba, wannan aikin alƙali ne. Abin da ya tsaya mini a rai tun wancan lokaci shi ne, ba a ce an sato ko mutum ɗaya daga cikin waɗannan bayin Allah ba. Iyaye da dangi ne suka ɗauko su a mota, daga garuruwan jihar nan da wasu jihohi har da Jamhuriyar Nijar, suka miƙa su, suka biya kuɗi, suka juya. To wane ne ya sa uba ya ɗauki ɗan cikinsa ya kai inda za a ɗaure shi kamar ɗan maraƙi? Wannan tambaya ba a yi ta ba, saboda amsarta tana zaune a kan tabarmarmu.

Bari in ba ku labarin da na ji da kunnena. Wani bawan Allah, ɗan tireda mai ƙaramin ƙarfi a ɗaya daga cikin garuruwan masarautar nan, ya tsaya bayan karatun Magariba har kowa ya watse, ya ce yana son magana. Ɗansa na fari ya fara da taba yana ɗan shekara 15, daga nan sai ruwan kwalba, daga nan sai aka fara nemar kuɗin cefane a rasa. Uban bai yi sakaci ba. Ya raba shi da abokai, ya riƙa tafiya da shi shago tun safe, tare suke sallah, tare suke cin tuwo. Wata uku yaro ya natsu har ya fara ƙiba. Sai rannan ya koma, ya ɗauki wayar maƙwabci ya sayar. Uban ya biya wayar a ranar. Amma kafin gari ya waye labari ya gama unguwa, kuma daga nan gidansa ya zama kamar zauren mai unguwa. Wannan ya zo ya ce Alhaji wane ya kai nasa wuri kaza, ya dawo kamar an wanke shi. Wancan ya ce in dai ba a ɗauke yaron nan ba za su haɗu su kai ƙara, don kada ya lalata musu 'ya'ya. Yayan uban ya aiko daga birni cewa an zubar musu da mutuncin gida. Dangin saurayin da ke neman ƙanwar yaron suka fara jan ƙafa. Matan unguwa suka daina aiko yara sayen ƙuli-ƙuli wurin uwar. A majalisa, in ya iso sai zance ya mutu.

Ya ce da ni: "Malam, wallahi ban kai shi don ya gyaru ba. Ni na san ya fi jin maganata a kan ta kowa. Na kai shi ne don in iya zama cikin mutane."

Na ce: "To yanzu yaya yake?"

Ya ce: "Wata 14 ya yi. Ya dawo da tabo zagaye da idon sawunsa. Sunayen ƙwayoyin da bai sani ba da, a can ya koyo su. Tun da ya dawo bai sake ce mini Baba ba. In na shigo sai ya miƙe ya sunkuyar da kai kamar fursuna ya ga gandiroba."

Na tambaye shi, cikin waɗanda suka ba shi shawara mutum nawa suka raka shi ziyara a wata 14 ɗin nan, ko suka ba shi ko kwano ɗaya na gari ya kai wa yaron. Sai ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. Ban sake tambayarsa ba.

Jama'a, wannan shi ne abin da nake kira tarbiyyar ganin ido, kuma ƙanwar riya ce uwa ɗaya uba ɗaya. Mai riya yana sallah don a ce ya yi. Wannan kuma yana hukunta ɗansa don a ce ai bai ƙyale ba. Allah (S.W.T.) a cikin Suratut Tahrim, aya ta 6, Ya ɗora wa mai gida kare kansa da iyalinsa daga wuta. Kare kai daga bakin maƙwabta kuwa ba a saukar da aya a kansa ba. Uban da ya bar tsoron Allah ya koma tsoron majalisa ya yi laifi, kuma na faɗa wa wancan bawan Allah haka ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Amma ku da kuka taru kuka matse shi har numfashinsa ya ɗauke, kuna tsammanin mala'ikun da ke rubutu sun ajiye alƙalami a lokacin da kuke magana? Maƙeri ya ƙera ƙarfen, gaskiya ne. Zugazugin da ya hura wutar harsunanku ne.

Hausawa suna cewa ɗa na kowa ne, mugu sai mai shi. Ku dubi yadda muka juya wannan magana. In an zo wurin faɗin yadda za a yi da yaro, na kowa ne, kowa yana da ta cewa. In an zo wurin biyan kuɗin asibiti, ko kwana a zaune ana gadinsa, ko ɗaukarsa aiki a shago, nan take sai ya koma na mai shi. A da, dattijon unguwa yakan tsawata wa ɗan maƙwabcinsa, amma dattijon nan shi ne zai kira shi cin tuwo, shi zai koya masa kaftu da huɗa, shi zai tsaya masa ranar aure. Tsawarsa tana da nauyi domin hannunsa yana cikin ɗawainiya. Mu kuwa mun yar da ɗawainiyar mun riƙe tsawar, muna kiranta al'adar iyaye da kakanni.

Sannan da wane ilmi kuke yanke hukunci cewa duk wanda ɗansa ya lalace shi ne bai iya tarbiyya ba? Annabi Nuhu (A.S.) ya shekara 950 yana kiran mutanensa, kuma ɗan cikinsa ya ƙi shiga jirgi. Ku karanta Suratu Hud daga aya ta 42, ku ga cewa har ruwa ya taso uban bai daina kiransa da lafazin tausayi ba. Annabi Yakubu (A.S.) 'ya'yansa ne suka jefa ɗan'uwansu rijiya suka zo masa da ƙarya, bai kore su ba, bai ɗaure su ba, ya zauna da su shekaru har ranar da suka tuba ya nema musu gafara. Da waɗannan Annabawa biyu a unguwarku suke, me za ku ce da su a majalisa? Shiriya ta Allah ce. Wanda nasa suka shiryu ya gode wa Allah a ɓoye, ya daina yi wa mutane taƙama da abin da ba dabararsa ce ta ba shi ba.

Yanzu mu zo kan yadda Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da masu shisshigi, domin a zamaninsa ma akwai su. Imam Ahmad ya ruwaito daga Abu Umama (R.A.) labarin saurayin da ya zo gaban jama'a yana neman a yi masa izinin zina. Mutane suka taso masa da tsawa. Annabi (S.A.W.) ya ce a matso da shi, ya zaunar da shi kusa, ya riƙa tambayarsa ko zai so haka ga mahaifiyarsa, ko 'yarsa, ko 'yar'uwarsa, ko goggonsa, ko innarsa, yana cewa a'a. Daga ƙarshe ya ɗora hannunsa a kansa ya yi masa addu'a, kuma saurayin bai ƙara waiwayar wannan abu ba. Taro ya so kora, Annabi ya jawo. Imamul Buhari kuma ya kawo hadisin wani sahabi mai suna Abdullahi, mai ban dariya, wanda aka sha kawowa saboda shan giya ana yi masa haddi. Rannan wani ya tsine masa saboda yawan kawo shi da ake yi. Annabi (S.A.W.) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A wata ruwayar, da wani ya roƙa wa mashayi wulakanci, sai Annabi ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan'uwansu. Wannan fa babban mutum ne, kuma giya ce tsagwaronta. To ina ga yaro ɗan shekara 16 da ba a bar masa suna a unguwa ba sai "ɗan ƙwaya"? Yaron da ya tabbata cewa duk garin sun gama yanke masa hukunci, me ya rage masa da zai kare? Waɗanda za su karɓe shi da fara'a su ne 'yan bayan tasha, kuma can zai tafi.

Amma hadisin da ya fi dacewa da masu ba da shawara shi ne na Hazzal, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Abu Dawuda ma ya kawo shi. Ma'izu (R.A.) maraya ne da ya tashi a hannun Hazzal. Da ya afka cikin laifi, Hazzal ne ya ba shi shawara ya je ya faɗa wa Annabi, yana zaton za a sama masa mafita. Da abin ya ƙare da haddi, Annabi (S.A.W.) ya nuna wa Hazzal cewa da ya rufa masa asiri da mayafinsa da ya fi masa alheri. Ku lura, Hazzal niyyarsa kyakkyawa ce, kuma wurin mafificin halitta ya tura shi, duk da haka aka gyara masa. Kai kuma da ka tura ɗan mutane gidan da ba ka taɓa leƙa cikinsa ba, da niyyar da kai kanka ka san ba ta wuce a kawar maka da shi daga ƙofar gida ba, me kake jira a ce maka?

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba zan ɓoye ta ba. Ana cewa ai an ɗaure Sumamatu ɗan Usal a ginshiƙin masallacin Annabi, kuma Buhari ya ambata cewa Ibnu Abbas (R.A.) ya sa wa Ikrima mari don ya koya masa Alƙur'ani da Sunna. Duka biyun suna cikin littafi, ba mu musa ba. Sai dai Sumamatu kamammen yaƙi ne, kwana uku ya yi, a fili inda kowa ke ganinsa, Annabi da kansa yana zuwa yana tambayarsa, sannan aka sake shi ba fansa, ya je ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Ikrima kuwa bawan Ibnu Abbas ne a lokacin, a gidansa yake, a gaban idonsa, kuma abin da ya fito da shi daga wannan gida shi ne ilmin tafsirin da har yau muke karantawa. Wace kama ce tsakanin wannan da tara ɗaruruwan mutane, yaro da baligi, mai taɓin hankali da ɓarawo da mashayi, a kulle shekara da shekaru inda ba mai gani? Shari'a ta iyakance horo. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Burda (R.A.) hanin wuce bulala 10 in ba a haddi ba. Malaminmu na Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum kan ladubban malaman yara, inda ya tsayar da malami a kan bulala 3, ba ya ƙarawa sai da izinin uba, kuma ko da izini ba a wuce 10. Ibnu Haldun a cikin Muƙaddima ya yi babi a kan cewa tsanani yana cutar da mai koyo, yana koya masa ƙarya da yaudara da nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba. Wannan shi ne yaron da kuke cewa ya dawo kamar an wanke shi. Ya koyi sunkuyar da kai ne kawai. Kuma in har mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, kamar yadda ya tabbata a Buhari da Muslim, to lallai a ji tsoron Allah game da ɗan Adam.

Akwai wasu masu katsalandan ɗin ta ɗaya gefen, kuma ɓarnarsu ba ta gaza ta farko ba. Uba ya hana yaro kuɗi don ya san inda suke tafiya, sai goggo ta kira shi bayan ɗaki ta damƙa masa. Uba ya ce ba fita bayan Isha'i, sai kaka ta bar masa ƙofar baya a buɗe, wai kada a takura wa mai sunan malam. Uba ya yi faɗa, yaro ya yi fushi ya koma gidan kawu, kawu ya shimfiɗa masa tabarma ya ce ai ubanka dama zafin zuciya gare shi tun yana yaro. Yaro ya gane gidan yana da ƙofa biyu, ba zai ƙara jin maganar kowa ba. Ga kuma uban abokin yaron, wanda in an kama su tare zai ruga ofishin 'yan sanda ya karɓo nasa, ya fito yana rantsuwa cewa ɗan wane ne ya ɓata masa yaro, alhali kuɗin kwalbar daga aljihunsa suka fito. Laifi tudu ne. Sai kuma ƙungiyar "ba haka kawai ba", masu cewa sammu ne, kishiya ce, aljani ne ya shafe shi, a je wurin wane a ƙauye kaza. Uwa ta sayar da akuyarta da kwallarta ta kai wa boka, a ba ta turare da laya, a raba ta da kuɗinta, a raba ta da abokiyar zamanta, a taɓa mata tauhidi, yaro kuwa yana nan yana shan abinsa. Wal'iyazu billahi. Wanda ya nuna mata hanyar bokan nan yana da kamasho a cikin zunubin.

Mai karatu zai ce, to Malam, kana nufin mu zura ido ke nan? Ina umurni da kyakkyawa da hani da mummuna? Ina hadisin da ya ce addini nasiha ne? Madalla da wannan tambaya, kuma mu ne ya fi kamata mu amsa ta, tunda mu ne aka sani da wa'azi. Nasiha tana da sharuɗɗa waɗanda malamai suka bayyana. Mai yin ta ya san abin da yake magana a kai. Ya yi ta a asirce tsakaninsa da mai abin. Kada ta haifar da ɓarnar da ta fi wadda ake son kawarwa. Kuma canzawa da hannu na mai iko ne, wato uba a gidansa, hukuma a garinta. Wanda ya cika waɗannan, ya sallama wa maƙwabcinsa da dare shi kaɗai, ya ce ɗan'uwa na ga abu kaza, me zan iya yi maka, wannan mai nasiha ne, Allah Ya saka masa. Wanda ya fara ba da labari a majalisa, ya biya ta wurin mai shayi, ya sa a waya ya tura wa dangi, sannan ya zo da rakiyar mutum huɗu yana cewa mun zo ba ka shawara, wannan ya karanta Suratul Hujurat aya ta 11 da ta 12, da Suratun Nur aya ta 19, ya ga sunan aikinsa. In yaron ya yi maka sata, haƙƙinka ne a biya ka, kuma kana da hanyar mai unguwa da dagaci da kotu. Wannan neman haƙƙi ne, ba mu hana ba. Amma haƙƙinka wayarka ce. Makomar yaron ba ta cikin abin da aka sace maka.

A nan dole in juyo kanmu. Mun yi shekaru muna yaƙar bidi'o'in biki da na mutuwa, kuma mun yi daidai. Amma gidan da ya shekara 40 a cikin gari, mu ma muna wucewa ta ƙofarsa. Huɗuba nawa muka yi a kan haƙƙin yaron da ya kangare kafin 'yan sanda su riga mu? Masallatanmu nawa ne suke da mutum biyu ko uku masu riƙe sirri waɗanda uba zai iya kai wa kukansa ba tare da ya ji shi a kasuwa ba? Muna da 'yan agaji masu tsare sahu ranar wa'azi, muna da kwamitin gini da na fatun layya. Uban da ɗansa ke shan ƙwaya kuwa ba shi da kwamiti.

Kuma kada wani ya ɗauka wannan musiba ta gidan wane ce kawai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Nijeriya, tsakanin shekara 15 zuwa 64, suka yi amfani da kayan maye a cikin shekara guda, kuma kimanin miliyan 3 daga cikinsu a Arewa maso Yamma suke. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan fim ɗin binciken da BBC ta fitar, amma wanda ya saba bai rasa abin da zai maye gurbinsa ba. Mu kuma ga mu a bakin iyaka, daga Kongolam zuwa Zango zuwa Baure, kaya suna shiga suna fita. Mutum miliyan 3 ba daga sama suka faɗo ba, kowannensu ɗan wani gida ne. Mai dariyar gemun ɗan'uwansa ya shafa nasa ya ji.

Ina kuma yi wa iyayen da suka kai 'ya'yansu adalci. Da aka rufe gidajen nan, wasunsu sun fito suna cewa to ina za mu kai su? Tambaya ce ta gaskiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan, lokacin da abin ya faru, ba su kai 300 ba ga mutum wajen miliyan 200. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba ta gina wa mutumin Sandamu ko na Mai'adua ɗakin kwanciya a ƙofar gidansa ba. Duk da haka ba a rasa hanya ba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, kuma hukumar NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye ban da aikin kame. Jiki da ya saba da ƙwaya ciwo ne da likita ya san matakansa, kuma komawa bayan an daina, irin wadda ta faru da ɗan mai tiredan nan a wata na uku, abu ne da masu wannan aiki suka sani suke kuma shirya masa. Da an bar uban nan da hanyar da ya ɗauko, aka ƙara masa da likita, Allah kaɗai Ya san inda yaron zai kai yau. Abin da ke hana talaka zuwa waɗannan wurare sanannen abu ne: kuɗin mota, kuɗin magani, wanda zai tsare masa shago ranar da ya tafi, da kunyar kada a gan shi. Ukun farko maƙwabci yana iya ɗauke masa su. Na huɗun kuwa maƙwabcin ne da kansa.

Kai kuma uban yaro, da ke uwarsa, ga tawa gare ku a taƙaice. Ku ne za a tambaya, don haka ku ne masu yanke shawara. Ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu masu ilmi da riƙon amana ku yi shawara da su, sauran ku amsa musu da "Allah Ya saka da alheri" ku rufe ƙofarku. Ku haɗa baki a kan doka ɗaya, ku kira goggo da kaka da kawu ku gaya musu ita, cikin ladabi amma ba da wasa ba. Kada zafin rai ya sa ku yi masa baki, domin Muslim ya ruwaito daga Jabir (R.A.) hanin yi wa 'ya'ya mummunar addu'a, kada ta dace da lokacin amsawa. Duk inda za ku kai shi, in an ce ba za ku shiga ku ga makwancinsa ba, ko ba za ku gana da shi ku kaɗai ba, ku juyo da abinku.

Mai tiredan nan ya sake zuwa wurina bayan Sallar Layya. Ya ce ya fara kai yaron asibiti a Kano, sau ɗaya a wata, suna fita tun Asuba. Wani tela a layinsu, wanda bai taɓa cewa uffan ba duk lokacin da ake surutu, shi ne yake tsare masa shago ranar, kuma ya ba yaron keke ɗaya a shagonsa yana koyon ɗinki. Har yanzu bai ce Baba ba. Amma ya ce a tafiyarsu ta ƙarshe, barci ya kwashe yaron a mota wajen Kazaure, kansa ya faɗo a kafaɗarsa, shi kuwa bai motsa ba har suka shiga Kano.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.